Gajeriyar Igiyar Fundi Famau

Igiyar gugar rijiyarmu gaba uku ce da kamu ɗaya, kuma tun da na yi wayo ba ta taɓa wuce haka ba. In ta tsufa, kawuna Famau, da ake kira Fundi, wato gwanin sana'a, shi ne ke zama ya tufka wata da zaren ɓawon kwakwa, ya auna ta da ƙirjinsa da damtsensa, ya yanke abin da ya yi saura ya jefa a murhu, don kada wata ta tsinta ta ƙulla. Guga ba ta kai wa ruwa sai teku ta ciko ta ɗago ruwan rijiyar daga ƙasa. In teku ta janye, ko matar liman ce sai ta ajiye jarkarta ta jira. Ga shi ruwan rijiyar ba ya sauri, yakan biyo tekun a baya ne kamar jaki mai nawa.

Mata ba su raga masa.

"Fundi, wannan igiyar taka ta fi haƙurin mijina gajarta!" in ji Mwanaidi mai wainar shinkafa.

"Gode wa Allah, Mwanaidi. Ita dai in an jira ta takan kawo wani abu gida."

Sai a yi shewa. Shi ba ya dariya. Ya dai ɗan murguɗa gemu ya mai da ido cikin rijiya.

Kiyombo, tsibirinmu, ba ta da rafi, ba ta da tudun da ya fi soron masallaci tsawo. Mai tafiya a ƙasa yakan ratsa ta tsakanin azahar da la'asar, har ya tsaya gaisuwa. Zamanin da jirage ke zuwa da iskar kaskazi daga arewa, su jira kusi ta juyo daga kudu su koma ɗauke da sandunan mikoko, itacen da ke tsirowa a gaɓar teku, rijiyoyi bakwai ne a garin, kowace da unguwarta da masu kuɗinta. Rijiyoyin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In rijiya ta yi gishiri, unguwarta ba ta kai shekara biyu, sai ka ga kuka ta tsiro a tsakar ɗaki, awaki na kwana a kan kaburburan manya. Lokacin da aka haifi Famau saura biyu, Rijiyar Masallaci da Rijiyar Kuka. Ubansa Mzee Lali, wato dattijo Lali, shi ne ke kula da su, kamar yadda kakansa ya yi.

Mzee Lali yana da magana guda da ya gaji da maimaita wa ɗansa: "Ruwan daɗi baƙo ne a tsibirin nan. Sama ke sauke shi, ya zauna a kan ruwan gishiri kamar mai a kan romo. Mai hankali yaɗewa yake da bakin ludayi. Wawa ne ke luma ludayi har gindin tukunya."

Famau ya haddace maganar. Haddacewa kuwa daban, jin tsoronta daban.

Yana ɗan shekara ashirin da bakwai ƙaramar damina ta ƙi zuwa, kaskazi kuma ta zauna ta ƙi tafiya. Rijiyar Masallaci ta koma in teku ta janye sai ka hango gindinta fari fat. Mzee Lali na kwance, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Matar Famau ta haifi ɗa namiji, zazzaɓi ya kama ta, unguwarzoma na cewa a kawo ruwa, a ƙara kawo ruwa, rabon gidan kuwa tulu biyu ne a rana.

Ranar Maulidi gari ya ɗunguma zuwa tsibirin da ke maƙwabtaka da mu, ba a bar kowa ba sai tsofaffi da majinyata. Da hantsi, teku ta janye, Famau ya sauka cikin Rijiyar Masallaci da dagi da guduma. A gindinta akwai wani falalen dutse mai tauri da ubansa ke kira murfin teku. Ya ce wa kansa kamu ɗaya kawai, kamu ɗaya ba zai kai shi teku ba. Kafin azahar ya huda shi. Ruwa ya ɓulɓulo har gwiwarsa. Ya ɗanɗana, garɗi kamar na kwakwa ɗanya. Ya kwashe ɓaraguzan a kwando ya kai bakin teku ya watsar, ba wanda ya gan shi.

Kwana biyu gari na murna, ana cewa albarkar Maulidi ce. Rana ta uku sabulu ya daina kumfa. Rana ta huɗu shayi ya yi zartsi. Kafin mako ya zagayo, jaki ma in an miƙa masa sai ya kau da kai.

A cikin kwanakin nan ne aka ga Shumi.

Amarya ce daga tsallaken teku, wata huɗu da kawo ta, 'yar wani ƙauye na bakin kogi inda guga ɗaya ke yin komai. Ta wanke kifi da gugarta a bakin teku, ta wuce da ita Rijiyar Masallaci ta zura. A garinmu abin da ya taɓa teku ba ya shiga rijiya, kowane yaro ya san wannan, shi ya sa ba wanda ya tuna ya gaya mata. Mata uku suka gan ta. Da ruwa ya ɓaci, ba a wahala wajen neman mai laifi ba.

Dattawa suka zauna a dakalin masallaci. Ba su kore ta ba, don mijinta mutumin kirki ne. Suka ce dai hannunta ba zai sake taɓa igiyar rijiya ba a Kiyombo har ta mutu. Famau na tsaye a bayan taro, hannuwansa cikin hammata.

Da ya koma gida, Mzee Lali ya kira shi bakin gado.

"Nuna mini tafinka."

Ya nuna. Bororo ne duk ya farfashe, irin wanda igiya ba ta yi wa mutum. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Allah ya gani, ni ma na gani," ya ce. "Saura kai ka gani."

Bai ƙara tada maganar ba, ya rasu kafin ruwan sama ya sauka. Matar Famau ta warke. Jaririn ya rayu, aka sa masa Shebwana. Unguwar Masallaci ta watse a hankali, har gidan kakata, muka dawo gefen Kuka.

Daga nan Famau ya hana kowa zuwa da gugarsa. Guga ɗaya, igiya ɗaya, shi ke riƙe da su. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a gindin kukar nan, kaskazi ta ƙona shi, kusi ta jiƙa shi. Bai taɓa kwana a tsallake ba. Ko bikin 'yarsa, da teku ta ciko sai ya bar tebur ya tafi. Mutane na cewa ba a taɓa yin mai amana kamarsa ba.

Shumi kuwa ta tsufa ta zama Bi Shumi a baki, wato Uwargida Shumi, Mai Gishiri a bayan ido. Yara na mata waƙa in ta wuce. 'Yarta guda ba wanda ya nema a garin, sai a tsallake ta yi aure. Bayan mijinta ya rasu ta zauna ita kaɗai tana saƙa tabarma. Kullum takan zo ta ajiye jarkarta can gefe, taku goma daga bakin rijiya, ta naɗe hannuwa cikin zane kamar mai tsoron kada su kuɓuce mata. Famau ne ke tasowa da kansa ya cika mata.

"Allah ya saka maka, Fundi," takan ce. "Kai kaɗai ba ka ƙyamata a garin nan."

"Amin," yakan ce, idonsa a ƙasa. Ya gaya mini daga baya da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Shekarar da zan ba da labarinta, ƙaramar damina ta sake ƙin zuwa. Watan Maris ya wuce, Afrilu ya kai rabi, gajimare na taruwa kan teku da rana ya watse da yamma. Rijiyar Kuka ta koma ba ta ba da abin da ya wuce jarka arba'in a cikowa ɗaya, ga gidaje ɗari da ashirin. Kwalekwale na ɗauko ruwa daga tsallake, amma tafiyar yini ce, kuma sai teku ta yarda.

Shebwana a lokacin shi ne shugaban kwamitin gari. Ya yi shekaru a Mombasa yana aikin gini, ya dawo da ƙiba da saurin magana. Shi ya aro injin fasa dutse don a ƙara wa Rijiyar Kuka zurfi, ya kawo maza biyu masu sarrafa shi. Ina gidan kawuna ranar, ina taya su tsintar shinkafa, sai ya shigo.

"Baba, jibi za mu sauka. Kamu biyu kawai."

"Ba za ku sauka ba."

"To me za mu sha? Karin maganar Kaka?"

"Ƙarƙashin dutsen nan teku ce, Shebwana."

"Wa ya gani? Wa ya taɓa haƙawa ya ga teku? Rijiyar Masallaci guga ce ta kashe ta, kowa ya sani, kai ma kana wurin. Mu kuwa zan sa a wanke injin da ruwan daɗi sau bakwai in kana so, liman ya tofa masa addu'a."

Kawuna ya mai da ido kan shinkafar da muke tsinta.

"Ka gani?" in ji Shebwana, ya sassauta murya. "Baba, ba raini ba ne. Jikanka Athman kwana uku ke nan yana gudawa saboda ruwan da muke sha. Ni ma uba ne. In kai ne, za ka zauna kana kallo, ga ruwa kamu biyu a ƙarƙashin ƙafarka?"

Na ga tsohon ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa yana ta kallo. A lokacin na ɗauka tsufa ne.

Washegari bayan la'asar aka taru a gindin kuka don a tsai da magana, maza a gaba, mata a baya da jarkoki a jere. Injin na ajiye a kan buhu. Bi Shumi na can inda ta saba, taku goma. Teku ta janye, rijiya shiru.

Shebwana ya yi bayani, kuma ya iya bayani. Aka gyaɗa kai. Liman ya juya wajen kawuna.

"Fundi, kai ne uban rijiya. Me ka gani?"

"In an huda murfin, teku za ta shigo. Kwana biyu za ku yi murna. Na uku sabulu zai daina kumfa."

"Kai, Fundi ya zama mai duba!" in ji wani matuƙin kwalekwale da ake kira Kombo. "Har da ƙirgen kwanaki. To duba mana ranar da matata za ta daina faɗa."

Aka yi dariya, irin ta masu ƙishi, gajeriya.

"Mzee, da girmanka," in ji wani saurayi, "tsoro kake a karɓe maka igiya, ka rasa abin mulki."

"Bar shi," in ji Mwanaidi daga baya. "Shi da igiyar nan sai kabari. Mu dai a haƙa. In dai Mai Gishiri ba ta matso ba, ba abin da zai faru."

Bi Shumi ta ƙara ja da baya taku ɗaya. Ba wanda ya ce ta yi, ta saba ne.

Wannan takun ne kawuna ya gani. Ya dafa bakin rijiya ya miƙe. Ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a bainar jama'a ba.

"Liman, jiya Shebwana ya tambaye ni wa ya taɓa haƙawa ya ga teku. Ni ne."

Ba wanda ya gane.

"Ranar Maulidi, shekarar da aka haifi wannan," ya nuna Shebwana, "kuna tsallaken ruwa kuna kiɗa, na sauka Rijiyar Masallaci da dagi. Kamu ɗaya na haƙa. Ni na huda murfin. Ni na kwashe ɓaraguzan na zubar a teku. Ruwan da kuka ce albarkar Maulidi ce, aikin hannuna ne, gishirin da ya biyo baya ma aikin hannuna ne. Guga ba ta kashe rijiya. Da a ce guga ɗaya tana kashe rijiya, da wanne ruwan sama ne bai wanke ta ba a shekara arba'in? Duk mai shakka ya sauka gobe da fitila, ramin na nan, gefen gabas, faɗinsa kamar faranti."

Ana jin awaki na kuka can cikin kangaye.

"Baba," in ji Shebwana a hankali, "rana ce ta buge ka. Zo mu je gida."

"Ba rana ba ce. Uwarka na kwance da zazzaɓi, kai kana kuka, na tambayi kaina ko zan zauna ina kallo. Abin da ka tambaye ni jiya ke nan. Ban zauna ba. Ga amsarka."

"La ilaha illallahu," in ji liman. "Famau, ka san abin da kake faɗa? Ubana na cikin waɗanda suka yanke wa matar nan hukunci. Kana tsaye."

"Ina tsaye, Liman."

"Ka bar shi ya tafi kabari da hakkinta?"

"Na bar shi."

Sai hayaniya ta ɓarke. Kombo na cewa gidan ubansa mai ƙofar sassaƙa yana can kuka ta cinye. Wata tsohuwa, ɗaya daga cikin matan ukun da suka ga gugar, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Mwanaidi ta yi ta tafa hannu tana cewa, "Mai amana! Mai amana!" kamar tana ɗanɗana kalmar ta ji ko ta yi zartsi.

Duk wannan Bi Shumi ba ta motsa ba. Da hayaniya ta lafa, sai aka ga ta taho. Tana ƙirga takun ne ko ƙafafunta ne suka yi nauyi, ban sani ba. Aka buɗe mata hanya har gaban kawuna.

"Fundi, sake faɗa. Kunnena ya yi nauyi."

"Ba ke ba ce, Shumi. Ni ne."

"Ba gugata ba ce?"

"Ba ita ba ce."

Ta fito da hannuwanta daga cikin zane ta dube su.

"Ni fa na yarda ni ce," ta ce. "Ba wai shiru na yi ba, yarda na yi. Duk azumi sai na ƙara kwana shida don neman gafara a kan waccan rijiyar. In na bi ta unguwar Masallaci na ga gidajen mutane a rushe, sai in ce Shumi, dubi aikinki. Da 'yata ke tafiya tsallake tana kuka, na ce ta yafe mini, ni na ja mata." Ta ɗago kai. "Kullum kuma ina sa maka albarka. Kana cewa amin."

"Ina cewa."

"Ina ka kai duk albarkar nan?"

Ya kwance igiyar daga reshen da take rataye, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi liman.

"Hukuncin ya faɗi, Bi Shumi," in ji liman. "Mu ne masu neman gafara."

Ta leƙa rijiyar, karo na farko tun tana amarya. Gindin na can fari, da ɗan ruwa kamar a tafin hannu.

"Ai igiyar ba za ta kai ba," ta ce.

"Sai teku ta ciko, gobe da hantsi," in ji kawuna.

"To riƙe abarka. Wadda ta jira shekara arba'in da ɗaya ba za ta kasa jiran teku ba."

Ta ɗauki jarkarta ba komai a ciki ta tafi. Ranar ba ta yarda kowa ya ɗebar mata ba.

Da safe Shebwana ya sauka tsohuwar Rijiyar Masallaci da kansa. Ya fito jiƙe har ƙugu, ya ga ramin da idonsa. Ya sa aka mai da injin cikin kwalekwale. Da ya wuce ubansa a gindin kuka bai gaishe shi ba, sai bayan mako biyu, shi ma gaisuwar a taƙaice.

Da hantsi ruwa ya ɗago. Mata sun fi hamsin a layi, amma ba wadda ta matsa, har Bi Shumi ta iso. Kawuna ya miƙa mata igiya. Hannunta ya manta aikin, gugar ta yi ta bugun bango tana sauka. Ya matso zai gyara mata.

"Ban yafe ba tukuna, Famau," ta ce. Ba ta kira shi Fundi ba. "Matsa."

Ya matsa. Ta jawo rabin guga, ta kurɓa da tafin hannu, ta juye sauran a jarka, ta sake zurawa.

Ba a haƙa ba, kuma ruwan sama bai yi gaggawar saka mana ba. Kwana ashirin da uku muka ƙara a kan rabin jarka kowane gida. Awaki sun mutu, ƙananan kwakwa sun bushe, gidaje biyu sun tattara sun koma tsallake ba su dawo ba. Athman ya warke da ruwan da ubansa ya riƙa ɗaukowa a kwalekwale. Ranar da kusi ta juyo da hadari, kawuna na zaune a gindin kuka, bai tashi ba har ruwan ya ɗauke.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Wasu sun daina ba shi hannu a masallaci, yara sun so su juya masa waƙar Mai Gishiri, Bi Shumi ce ta kore su da sandar dabino, ta ce waƙar ta ishe ta ji ko a kan wa aka yi ta. Kwamiti bai karɓe igiyar ba, don ba wanda ya san lokutan ruwan kamarsa. Ko ta yafe masa kafin ya rasu, ban sani ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce in kula da shinkafata kada ta ƙone.

Abin da na sani shi ne, bayan an binne shi igiyar ta tsinke, Shebwana ya zauna ya tufka wata, ya rasa yadda zai auna, don ƙirjinsa ya fi na ubansa faɗi. Bi Shumi ce ta shigo da guntayen tsohuwar, ta shimfiɗa su a ƙasa baki da baki, ta ɗora sabuwar a gefe. Ta wuce da kusan taƙi biyu.

"Yanke," ta ce.

Ya yanke. Ta tsaya a kansa har ya jefa sauran a murhu.